Abin da Baba Ke Jefawa a Tukunya

Babanmu mai zubin tagulla ne, kuma tun da na yi wayo ban taɓa ganin farcensa fes ba. Shagonsa rumfa ce a bayan gida, da murhu, da tukunyar narka ƙarfe, da akwatunan yashi, sai wata tsohuwar rediyo da ta fi tari a kan magana. Yana zuba hannun ƙofa, da ƙararrawar makaranta, da ƙananan kayan inji waɗanda ba a samu a kasuwa. In injin wani ya tsaya, sai ya kawo guntun da ya karye, Baba ya jujjuya shi a hannu ya ce a dawo jibi. Jibin Baba takan kai mako, amma ba a taɓa dawo masa da aiki ba.

Ba ya awo da sikeli. Jan ƙarfe da kuza duk da ido yake haɗa su. Sai kuma wani abu da yakan jefa a tukunya daga ƙarshe, bayan ya juya wa mutane baya. Da shi narkakken ƙarfen ke gudu ya cika kowane lungu na zane, ko da zanen ya kai siririn gashi. Ba mu tambaya, don mun san harara za mu sha.

Da jikoki suka fara zuwa, sai ya ɓullo da wata al'ada tasa shi kaɗai. Duk jikan da aka yaye, zai zuba masa ɗan kwano da cokali, da zanen ganye a baki. Ɗana ya samu nasa, kuma ya ɗauki kwanon nan da zafi, in ba a ciki aka zuba ba to abincin ba ya ciwuwa. Baba na ce masa abokina, suna ci tare suna faɗa a kan loma.

Autarmu kuwa aiki ta samu a wani kamfanin sayen tsofaffin ƙarafa, inda Baba ma ke sayen kayan narkawa. Aikinta tantancewa. Tana da wata na'ura da ke harba haske irin na hoton ƙashi a asibiti, sai kowane ƙarfe da ke cikin abin ya mayar da nasa hasken, na'urar ta rubuta sunansa da yawansa. Sai dai, in ji ta, saman ƙarfen kawai hasken ke karantawa. Baba ya raina abin nan ba kaɗan ba. "Injiniya ke nan," in ji shi duk sanda ta shigo, "yau me tocilan taki ta gano?"

Ran nan ta gaji ta ce, "Baba, kawo duk abin da ka ga dama, in faɗa maka abin da ka zuba ciki."

Shi kuma da yake ba ya son a ce ya ja da baya, sai ya zaɓi aikin da ya fi alfahari da shi, wato kwanon ɗana. Ni na ɗauko shi a jaka, muka tafi tare, ina shirin kallon dariya.

Ofishinta ɗan ɗaki ne a gefen fili, ƙarar guduma ta cika ko'ina. Ta sa kwanon a wani akwati mai murfi, ta rufe, ta danna. Ta karanta jan ƙarfe, ta karanta kuza, Baba na gyaɗa kai yana murmushi. Daga nan ta ɗago kai ta dube ni.

"Yaya," ta ce da ni, "a cikin wannan yake cin abinci?"

"Kullum. Me ya faru?"

"Dalma ce a ciki, kusan kashi ɗaya cikin goma. Tana fita ta shiga abinci, balle mai tsami. Guba ce ga yara, ƙwaƙwalwa take taɓawa."

Baba kuwa tsaki ya yi. "Ke da bakinki kika ce fatar ƙarfe kawai abin nan ke gani. Datti ya gani. Ba ni zarto." Da hannunsa ya goge gindin kwanon har sabon ƙarfe ya fito yana ƙyalli. Auta ta sake gwadawa. Adadin ya ɗan sauka, amma dalmar na nan daram.

"Ita nake jefawa a tukunya daga ƙarshe, haka maigidana a sana'a ya koya mini," in ji shi. "Shekara nawa ina zubawa? Wa ta kashe?"

"Hannun ƙofa ba a cin abinci a ciki, Baba," in ji Auta.

Ya fita bai ɗauki ko hularsa ba. Ni a ranar haushinsa na ji, haushi sosai, kuma tsoro ya hana ni cin abinci. Na buga wa yayyena waya kowa ya ɓoye kwanon gidansa, na kai ɗana asibiti aka ɗebi jini. Baba bai neme ni ba duk kwanakin nan, ni ma ban neme shi ba. Umma ce ta gaya mini ko wuta bai hura ba.

Ranar karɓar sakamako na fito sai na tarar da shi a ƙofar gida, ya sa rigarsa ta fita. Bai tambaya ba, ya dai ɗauki yaron ya yi gaba.

Likitar ta ce dalmar da ke jinin ta haura yadda ake so, amma an gano da wuri, za a riƙa bibiya, kuma dole a raba shi da inda yake samunta. Ta tambaya ko akwai tsohon fenti a gidan, ko ana gyaran batir a kusa. Na buɗe baki zan ce wani kwano ne aka ba mu, don in rufa masa asiri a gaban baƙuwa. Baba ya riga ni.

"Ba fenti ba ne, likita. Ni ne kakansa, ni na zuba masa kwanon da hannuna." Ya gyara wa yaron zama a cinyarsa. "Akwai sauran jikokina. Yaushe zan kawo su?"