Kiɗan da Na Yanke wa Wutsiya

Asuba ta yi mana a ƙofar kasuwar Rungis da ke gefen Paris, muna jiran mai jitarmu ya tashi daga aikin dare. Ya shigo mota yana ƙarnin kifi, muka buɗe gilashi duk da sanyi, muka kama hanyar Lyon. Mu huɗu ne: shi, da mai kiɗan ƙwarya, da mawaƙiyarmu, sai ni da ake ce wa manaja. A ƙaramar ƙungiya irin tamu, manaja shi ne mai neman ɗakin wasa, mai talla, direba, kuma mai shan zagi idan abu ya lalace.

Da mu biyar ne. Baba mai goge ya rasu da bazara, aka kai gawarsa Maradi, tun daga nan kiɗanmu ya zama miya ba gishiri. Mawaƙiyar ta faɗa mini ba ɓoye-ɓoye cewa idan ɗaki bai cika a Lyon ba, ta ajiye waƙa ke nan, za ta riƙe aikinta na gidan kula da tsofaffi. In ta tafi kuwa, ƙungiya ta mutu. Shi ya sa na zage damtse wajen talla. Na tono wani kiɗa da na taɓa naɗa lokacin da Baba yake kaɗa goge shi kaɗai a ɗakin gwajinmu, na ɗebi inda ya fi zafi, na ɗora hotonmu a kai, na watsa a waya. Ƙarshen kiɗan dogo ne, mai sanyi, har da tarin tsoho a ciki. Na yanke shi na share, don na san mutanen yanzu ba su da haƙurin jira.

Hanya sumul, sai dai kuɗin shinge da suke tatsar mutum kamar saniyar gwamnati. Yayyafi ya raka mu har yankin gonakin inabi, inda fararen shanu ke tsaye cikin ruwa ba makiyayi. Gogen Baba yana baya cikin mayafi, domin mun saba ɗora shi a kan kujerarsa idan muna wasa. Lokaci lokaci yakan yi wata 'yar ƙara siririya. Na ce jijjigar mota ce, ba wanda ya musa mini.

Mun tsaya shan kofi a gidan mai, inda kuɗin kofi ɗaya zai ciyar da gida guda tuwo a Maradi. A nan na kunna wa mai ƙwarya tallar, shi da yake wayarsa ta kira ce kawai, bai taɓa jin ta ba. Ya saurara, ya ajiye kofinsa bai shanye ba, ya ce shi dai bai taɓa jin Baba ya yi wannan kiɗa a gaban jama'a ba. Na ce ai shi ya sa ya yi kasuwa.

Lyon ta tarbe mu da dogon rami a ƙarƙashin dutse, sannan koguna biyu, sannan unguwar Guillotière mai cike da shagunan atamfa, mahauta da ƙamshin gasasshen nama. Mun ci shinkafa da miyar gyaɗa a wurin wata 'yar Senegal mai hannun kyauta. Ɗakin wasan yana ƙarƙashin wani shagon yadi, mai shi Balarabe ne ɗan Aljeriya, kuma an sa wasa bayan la'asar.

Tun kafin lokaci ɗakin ya cika maƙil. Da farko har na soma yi wa mawaƙiyar murmushin "ban gaya miki ba?" Sai na lura da irin mutanen. Yawancinsu mata ne manya, an ce daga unguwar Vénissieux da ke bayan gari suka hau jirgin ƙasa suka zo. Sun tuɓe takalma a bakin matakala, sun bar kujeru sun zauna a ƙasa. Babu mai ɗaga waya ta ɗauki hoto, babu mai hira da ta kusa da ita. Idanunsu duka suna kan kujerar da muka ɗora gogen.

Muka yi waƙar farko, ba tafi. Muka yi ta biyu, mai jita ya zuba gwaninta har da durƙusawa, ko tari ba a yi ba. Na sha ganin ɗaki wayam, kuma yana da ciwo, amma ban taɓa jin tsoro irin na cikakken ɗaki mai shiru ba. Sai wata dattijuwa ta dafa bango ta miƙe, ta dube ni.

"Ɗana, kai ne ka saki kiɗan ga cikin telefon?"

Na ce, "Ni ne, Hajiya."

Ta ce, "To ina sauran? Mai goge in ya yi kira, shi ka sallama. Kun yi kira kun tahi, kun bar su tsaye." Ta nuna wata mata da ke jingine a lungu, ido buɗe, sanye da silifas na cikin gida. "Ƙanwata ce. Tun ran da ta ji shi ba ta ce uffan ba, abinci sai an ba ta ga baki. Likita ya ce gajiya ce."

A nan na gane abin da na yi talla da shi. Kiɗan bori ne, na kiran iskoki, wutsiyar da na yanke kuwa ita ce sallamarsu. Ni ɗan boko ne, ban taɓa zama wurin bori ba, har yau ma ban ce na yarda da shi ba. Amma dole na buɗe baki na ce na share ƙarshen.

Mawaƙiyar ce ta cece mu. Ta ce a hankali, ƙarshen nan ba shi ne wanda Baba yake yi duk ranar gwaji idan muna naɗe wayoyin lasifika ba? Shi ne kuwa. Shekaru yana yin sa, mu kuma muna tsokanarsa cewa lokacin hayar ɗaki ya ƙare, ya tashi mu tafi. Babu ɗayanmu da ya taɓa zama ya ji shi daga farko har ƙarshe.

Haka muka shiga harhaɗa shi kamar tsumma. Mai ƙwarya ya tuno bugun, mawaƙiyar ta bi da murya ba kalmomi, mai jita ya lallaɓa a bayanta. In mun kauce, sai matan su girgiza kai, wata ta rera daidai daga inda take zaune, mu koma. Ana cikin haka na ga tsirkiyar gogen tana rawa a kan kujera, tana ba da siririyar ƙarar nan ta cikin mota. Mai jita ya ce daga baya wai amon lasifika ne ya kaɗa ta. Ban yi masa gardama ba, ko da yake ni da hannuna na kashe lasifikar tun da Hajiya ta miƙe.

Can matar lungu ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sake yi. Ta dubi ƙafafunta, ta tambayi yayarta wa ya fito da ita da silifas, sannan ta nemi ruwa. Matan suka tashi ɗaya bayan ɗaya, suka sa takalmansu, kowace ta ɗan rusuna wa kujerar Baba ta haye matakala. Sauran waƙoƙinmu ba wadda ta tsaya ji.

Mai ɗakin, da bai fahimci komai ba sai yawan kawuna, ya ce mu riƙa zuwa duk wata. Mawaƙiyar ta ce ta fasa barin waƙa, amma bisa sharaɗi: ba za a ƙara naɗe wayoyin lasifika ba sai an yi sallamar nan.

Washegari da hantsi muka juyo Paris, gogen yana baya, bai sake yin ƙarar nan ba har muka iso. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, ba duk abin da tsoho ke ja da tsawo ne ɓata lokaci ba, kuma manaja ya tambayi makaɗa kafin ya sa almakashi. Na goge tallar daga shafinmu, sai dai abin da ya shiga wayoyin mutane ya riga ya fi ƙarfina.

Ina sauke kaya a ƙofar gida wani mutum ya kira daga Lille, ya ce suna so mu zo. Na fara yi masa bayanin yawanmu da irin ɗakin da muke buƙata, ya katse ni da murya ƙasa-ƙasa.

"Malam, duk wannan ba matsala. Ku dai taho da ƙarshen. Matata ce."