Shekara Ashirin da Shida a Tsakiyar Titi

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Da hantsin ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, Allah Ya karɓi ran mai ba da hannu na mahaɗar titinmu, wanda yaro da babba ke kira Baba Danja. Ya rasu a asibiti bayan jinyar huhu ta wata bakwai, ya bar mata ɗaya da 'ya'ya biyar. Ni ne mai kemis ɗin da ƙofarsa ke kallon wurin aikinsa.

Baba, shekara ashirin da shida ka yi a tsaye a tsakiyar titin nan, sha tara daga ciki a kan idona. Kafin in buɗe shago ka riga ka iso, da farar riga a goge. Zuwa la'asar wuyan rigar ya koma baƙi. Ka taɓa gaya mini cewa maiɗakinka sai ta zubar da ruwa uku kafin rigar ta fita, har takan tambaye ka ko gawayi kake sayarwa a ɓoye. Muka yi ta dariya, ba wanda ya tambayi kansa yadda ƙirjin da ke cikin rigar yake.

Ba zan manta ranar da cunkoso ya rutsa da wata mai naƙuda a bayan tasi ba. Ka bar tsayuwarka, ka shiga gaban motar da gudu kana dukan gefen tireloli da tafin hannu, har hanya ta buɗe. Da ka dawo, sai da ka dafa bangon shagona ka daɗe kana haki. Na ce tsufa ne, kai ma ka yarda.

Akwai mai sayar da lemo da ke zama a bakin kwalta da goyonta. Kai ka lura cewa hancin jaririyar daidai yake da salansar motocin da ke jiran hannu. Ka yi ta lallashin uwar, ka zo ka roƙe ni in ba ta gefen rumfata ta baya, na ba ta. Yarinyar nan yanzu tana aji huɗu.

A nan ne nawa laifin yake, kuma ba zan ɓoye shi ba. Shekara shida ina miƙa maka maganin tari. Kakan ce, “Likita, a ba ni na jiya,” ko da yake ka san ni ba likita ba ne. Ban taɓa ce maka ka je a duba ka ba. Sai da babbar 'yarka, mai koyon aikin jinya, ta ji yadda numfashinka ke shessheƙa, ta kafe sai ka bi ta asibiti. Likitan ya ɗaga hoton ƙirjinka, ya tambayi shekara nawa ka yi kana shan taba. Ka ce masa ko kara ɗaya ba ka taɓa kunnawa ba, motocin gari ne suka sha a madadinka suka busa maka.

Shi ya yi muku bayani cewa a cikin hayaƙin akwai ɓurɓushi ƙanana da ido ba ya gani, waɗanda gashin hanci ba ya iya tarewa. Sukan wuce can ƙasan huhu su zauna, wasu har su shiga jini su wahalar da zuciya. Ya ce ba masu aikin titi kaɗai suke taɓawa ba. Sun fi saurin kama yara da tsofaffi.

Maganar yaran ce ta hana ka sukuni. Kana tafiya kana hutawa, ka je wurin shugabar makarantar firamaren da ke kusa da mahaɗar har sau huɗu, sai da ta yarda aka mayar da ƙofar tashi ta lungun baya. Yanzu ɗalibai ba sa tsayuwar jiran iyayensu a cikin hayaƙi.

Da na je duba ka kwana tara kafin rasuwarka, na fara neman gafararka. Ka ɗage robar iskar da ke hancinka, ka ce, “Ɗana, bar wannan, na yafe. Amma duk wanda ya zo maka da tari sau biyu, a na uku kada ka ba shi kwalba. Tura shi asibiti.” Na yi alkawari. Mutum na farko da na mayar shi ne mai facin taya na tsallaken titi. Ya tafi yana mita, amma ya je, kuma an ce an tari nasa ciwon da wuri.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinka, da 'ya'yanka, da abokan aikinka da har yau suke tsaye a inda ka tsaya. Ga babbar 'yarka, wadda ke ta cewa da ma ta lura tun farko: ƙanwata, ke ce kika lura, mu da muke ganinsa kullum ne muka makara.

Allah Ya jiƙanka, Baba, Ya sa ciwon da ka sha ya zama kankarar zunubi. Ya yalwata kabarinka, Ya sanyaya makwancinka, Ya ba iyalinka haƙurin rashinka, Ya raya abin da ka bari. Mu kuma, in tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.