Saƙon Sojan Da Na Danne

A Jidda aka haife ni, a Jidda na tsufa, kuma duk unguwarmu ta Karantina an san ni da baki. Magana ba ta kwana a cikina. Mijina yakan ce in ana so labari ya kai unguwar Bagdadiyya kafin la'asar, a faɗa mini da hantsi. Sau ɗaya tak na iya riƙe magana, ita ce kuwa wadda bai kamata in riƙe ba.

Lokacin yaƙin basasar Najeriya ne. Mu nan a rediyon mai shago muke jin yaƙin, sai kuma a bakin alhazai. Wasiƙa ba ta san hanyar gidajenmu na katako da gwangwani ba. Labarin gida sau ɗaya yake zuwa a shekara: wanda ya rasu, wadda ta haihu, alhaji ne zai kawo, shi zai koma da amsa.

Maƙwabciyata, wadda nake ce wa Yaya, ta ƙasa suka zo da mijinta, ta Sudan. Sun bar ɗansu tilo a hannun kawunsa a ƙasar Katsina, da niyyar su sauke farali su koma. Mijin ya rasu a nan, komawa ta gagara. Yaron ya girma ya shiga soja. Tare muke sayar da tuwo da waina a bakin masaukin alhazai kusa da tashar jirgin ruwa, ita ke girki, ni ke kiran ciniki.

Wata rana bayan an gama aikin Hajji, wani alhaji mai ɗingishi ya zo unguwa yana cigiyar gidanta. Ta tafi kasuwa sayen shinkafa, shi kuma a ranar jirginsu zai tashi, mota na jiransa a bakin titi. Na shimfiɗa masa tabarma, na kawo ruwa, bai sha ba. Ya ce shi ɗan garinsu ne, tare suka yi soja da ɗanta. Ya ba ni labarin kurmin da rana ba ta ratsawa, da ruwan sama da ba ya ɗaukewa, da jar laka har gwiwa, takalmi na ruɓewa a ƙafar mutum. Suna ƙetare wani rafi aka buɗe musu wuta daga cikin itatuwa. Shi aka same shi a cinya, ɗan Yaya a ƙirji.

"Ba a bakin wani na ji ba, Hajiya," in ji shi. "Da hannuna na rufe masa ido. Ki gaya wa mahaifiyarsa. Amana ce na bar miki."

Na ce masa halas, wato shi ke nan, ya ɗauka ta ji.

To, saura kwana tara auren ɗana na fari. Yaya ce za ta yi alkaki da duk girkin biki, don hannunta babu na biyunsa a unguwar. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, in gidanta ya cika da masu ta'aziyya, babu kiɗa babu guɗa a nawa. Na ce wa zuciyata tausayinta nake ji, bari ta ɗan huta daga wahalar alhazai tukuna. Ƙarya nake. Tukwanena nake tunani. Da ta dawo da buhu a ka, ni na taya ta saukewa, na tambaye ta tsadar shinkafa.

Kwana uku ta yi a gindin murhu saboda ɗana. Ranar kai amarya har rawa ta taka, ta dafa ni tana dariya, ta ce saura na ɗanta, in ya zo ni zan yi masa guɗa. Na ce in sha Allahu.

Biki ya wuce, sai na ga abin ya fi ƙarfina. Yanzu ba mutuwar kaɗai zan faɗa ba, har da kwana taran. Kullum sai in ce gobe. Kafin alhazan ƙarshe su tashi, ta sayo farar jallabiya da dabino da ɗan turare za ta aika wa ɗanta. Idonta ya fara rauni, don haka ni na ɗinke ƙunshin a cikin ƙyalle. Ni kuma na yi surutun da wani ɗan ƙasar Katsina ya yarda ya kai wa kawun.

Shekarar nan na zama masifaffiya. Ba na iya haɗa ido da ita, sai in nemi rigima a kan gishiri ko itace. Ita kuwa sai ta ce ma'alesh, ba komai, ƙanwata, zafi ne ke damunki. Ranar da rediyo ya ce yaƙi ya ƙare, ta soya waina sadaka ta raba wa layi gaba ɗaya. Ta kawo mini tawa da zafinta, na ci.

Ba a daɗe ba alhazai suka fara sauka. Muna bakin masauki da rana tsaka, wata tsohuwa 'yar garinsu ta gane ta, ta riƙe hannunta ta ce, "Ya ƙarin haƙuri?"

Yaya ta ce, "Haƙurin me?"

Tsohuwar ta yi turus. Ta ce ai tun bara suka aiko soja, ya koma ya ce ya bar saƙo wurin maƙwabciya, wata mai yawan magana. Da ƙunshi ya iso ma sun ɗauka sadaka ce aka aiko a yi wa mamacin, suka ba ladan jallabiyar. Ina tsaye da ludayi a hannu. Yaya ba ta ko waiwayo ni ba. Ta ɗauki mayafinta ta bi hanyar gida.

Mata suka yi ta shiga gidanta, ni ina jin salatinsu ta katanga. Sai rana ta uku na iya shiga, bayan azahar, da mutane suka ragu. Na durƙusa na faɗi komai, har zancen alkakin, ban rage ba. So nake ta zage ni, ko ta tsine mini, in ji sauƙi. Ta saurara har na gama, tana jan carbi.

"Girkin ba komai, da kin tambaye ni ma sai in yi," in ji ta. "Amma shekara guda ina ɗaga hannu ina roƙon Allah Ya dawo mini da shi lafiya. Shekara guda yaron nan yana kwance a daji, uwarsa ba ta ce Allah Ya jiƙansa ba ko sau ɗaya. Wannan fa, wa zai biya shi?"

Ta rasu da daɗewa, kuma har yau ban san wanda zai biya shi ba.