Jakar Bakunan Baba

Da hantsin wata Laraba, a bazarar shekarar da Ghana ta samu 'yancin kai, ina ɗan shekara bakwai, na kwanta rub da ciki a gefen gonar doyarmu ta bayan Salaga, tururuwa na cizona ban isa in motsa ba. Baba yana gefena da bindigarsa ta toka. Ya zura hannu cikin wata tsohuwar jakar fata, ya ciro ƙwallon giginya da aka rarake aka huda, ya busa sau uku, ya yi shiru. Can sai ciyawa ta fara motsi, zabin daji suka fito a jere, wuya a miƙe, suna neman ɗan'uwan da ya kira su. Na manta ƙarar bindigar, na manta miyar da Inna ta yi a ranar. Abin da na riƙe shi ne mutum ya yi magana, daji ya amsa masa. Tun ina kwance a wurin na zaɓa wa kaina sana'a.

Abubuwan da ke cikin jakar nan Baba yana ce musu bakuna, domin kowanne bakin wata dabba ne. Akwai tsagin karan dawa na kiran fakara, da ƙwallon giginyar nan na zabo, da ƙahon gada da aka toshe da kakin zuma, mai kuka irin na ɗan gada da ya ɓace wa uwarsa. Sai wani siririn ƙashi mai fito, na kiran kwanta-rafi, naman nan mai kwana a dogayen ciyayin fadama. Busawar ba ita ce wahala ba, zaɓen ne. Baba sai ya duba sawu, ya murje kashin dabba a yatsa ya ji ko ɗanye ne, ya watsa toka ya ga inda iska ta nufa, sannan ya taɓa jaka. Yakan ce, "Wanda ya kira gada da bakin zabo, yunwa ce za ta amsa masa." Ƙahon gada kuwa ba ya fitowa da damina ko da gayan tuwo za mu ci, don a lokacin uwa na shayarwa.

Na dame shi da roƙo har ya kafa mini sharaɗi: ranar da na zaɓi baki da kaina, na kira nama ya zo, jakar ta zama tawa, kafin nan ko igiyarta ba zan taɓa ba sai ya miƙo mini. Baba kuwa ba ya magana biyu. Sai na koma kan karan dawa. Ina busa a hanyar rijiya da tulu a ka, ina busa wajen korar tsuntsaye, ina busa a bayan ɗaki har kajin maƙwabta suka daina kula ni. Inna, wadda ke sayar da koko da ƙosai a ƙofar gida, takan ce gida ɗaya mahaukata biyu ya yi mata yawa.

Ban san cewa ina koyo daji yana ƙarewa ba. Motoci suka fara kwasar busasshen nama zuwa kudu, sababbin maharba suka shigo da bindigogin harsashi, ba ruwansu da baki, ba ruwansu da damina. Inda muke kwanciya jiran zabo ya zama gonar wani. Baba ya ce naman ya yi arewa ne, muka ɗaure kaya muka koma Yendi, muka sauka a gidan wani malami ɗan'uwan Inna. A nan aka sa ni makarantar boko, inda 'yan ajinmu suka raɗa mini Ɗan Fakara saboda busar da nake yi lokacin tara, su suna langa ni ina gindin ɗorawa da karana. Shekara uku muka yi. A ta farko Baba na dawowa da gada, a ta biyu da zomo, a ta uku da itacen girki, don kada ya shigo hannu rabbana. Ya sake cewa naman ya yi arewa, muka bi shi har Bawku. Ranar da muka sauka Inna ta ce, "Malam, daga nan kuma sai ƙasar Faransa."

A Bawku Kawu Sule, yayan Inna, dillalin albasa ne, ya yi wa Baba tayin ɗinkin buhuna a rumfarsa. Baba ya ce a ba shi rani ɗaya. Ni na fi kowa tsoron tayin nan, don na san ranar da ya ɗauki basilla, ba shi kaɗai ya bar daji ba.

Ranin ya kusa ƙarewa muka yi sammako zuwa wata fadama ta wajen Garu. A bakin wani kududdufi na ga tsohon sawu, na ce kwanta-rafi ne. Baba ya buɗe jaka ya miƙo mini, na ɗauki ƙashin. Muka shige ciyawa, na busa, na jira kamar yadda ya koya mini. Sai fito ya amsa daga can ƙasan fadama. Wallahi har yau ban manta murnar da na yi ba. Na sake busawa, aka sake amsawa, kusa da na farko. Muka yi ta jan ciki har rana ta take, ina kira ana matsowa. Ciyawa ta motsa a gabanmu, Baba ya ɗaga bindiga, ya ɗora yatsa. Sai na ga ya sauke ta a hankali yana salati.

Wani tsoho Bakusashe, ɗan ƙabilar yankin, ne ya miƙe daga cikin ciyawar, ramamme, tasa bindigar a hannu, nasa ƙashin a baki. Ya dube mu, ya dubi abin da ke hannuna, ya zauna daɓas a ƙasa.

"Yaro ne? Tun safe ina bin shi," in ji tsohon da 'yar Hausarsa. "Wata huɗu ban ji nama ya amsa."

Baba ya ce, "Mu ma kai muke bi, baba. Allah ya kiyaye."

"Yaro nan ya iya. Amma nama ya ƙare, aboki."

Suka raba goro ɗaya suka ci, ba wanda ya yi dariya. A hanyar gida, sai da muka hango rufin kwanon kasuwa Baba ya cire jakar daga kafaɗarsa ya rataya mini a wuya. Na ce, "Baba, ai ban cika sharaɗi ba." Ya ce, "Riƙe dai." Mutumin da bai taɓa sassauta magana ba ya ba ni ita a banza, a nan na gane ba ta da sauran amfani. Na yi kuka har gida, Inna ta ɗauka faɗuwa na yi. Washegari ya tafi rumfar Kawu Sule, a can ya tsufa da basilla a hannu.

Yanzu fadamar nan albasa ce daga wannan baki zuwa wancan, ba abin da ke kuka a wurin sai injin ban ruwa da baburan da ke wucewa. Jakar tana ƙasan akwatina, kakin ƙahon ya bushe ya faɗi. Kwanaki jikana ya ciro ƙashin ya tafi da shi filin ƙwallo ya yi alƙalanci, ban hana shi ba, don ban san abin da zan ce masa ya kira da shi ba. Ina kewar Baba, ina kuma kewar sana'ar da ban yi ko kwana ɗaya a cikinta ba. Sau ɗaya tak daji ya amsa mini, shi ma mai yunwa ne irina.