Tabon Salansa

Ƙanena ya yi wa Inna ƙarya a gaban duniya, ya ɗora ƙaryar a kan kiɗa, yanzu har 'yan kabu-kabu a tashar Boɗinga sun haddace ta. Ya ce uwarsa da yayansa sun ɗaure shi da ƙarfe kamar jaki, sun yar da shi a ƙauye, ba wanda ya leƙa shi. Yayan nan ni ne. Tela ne ni, aji uku na sakandare na tsaya, ban iya jera magana a kan ganga ba. Amma da ni aka yi komai.

Yana da shekara sha bakwai ya fara da sholisho, daga nan ƙwaya. Ya kwance kan keken ɗinkina ya sayar. Ya ɗaga wa Inna taɓarya. Wata ranar kasuwar Shagari aka aiko in zo in kwashi kayana, na same shi shame-shame bayan rumfar mahauta, ƙudaje na bin bakinsa. Na ɗora shi a babur, na ɗaure shi a bayana da rawani don kada ya faɗi, na nufi Horo Birni wajen wani malami mai karɓar irinsu. A hanya ƙafarsa ta dama ta sauka kan salansar babur ɗin mai zafi. Bai ma ji ba. Ni na ji ƙaurin nama na tsaya.

Malam ya sa masa mari a ƙafa, ban musa ba, wata takwas. Sai dai Inna ta rantse ƙarfen ba zai taɓa fatar ɗanta ba. Ta sa na tattara ƙyallayen shago, na cusa auduga, na ɗinka kamar ƙananan gammo, ta naɗe marin da hannunta. Duk Juma'a nakan kai ta da fura da tuwo, ta cire masu dauɗa ta sa sababbi. Da damina babur ya kafe a laka, ta sauka ta taka, kwano a ka. Ranar da aka kwance shi idon sawunsa sumul. Tabo ɗaya ne a jikinsa, a ƙwauri, na salansa.

Ya tafi birni ya kama waƙar nan ta sauri-sauri da suke kira hip-hop. Bai koma ƙwaya ba, wannan kam na shaide shi. Ya yi suna, ya yi ƙiba. Sai ga bidiyon: ya tattare wando, kyamara ta matso kan tabon, yana dukan ƙirji wai ga shaidar ƙarfen gidansu.

A gidan suna Inna ta gani, wata ta miƙa mata waya. Wata tsohuwa ta ce, "Ashe haka kunka yi mai?" Tun ranar Inna ba biki ba suna, ko gaisuwar mutuwa sai ta aika. Wai gwiwa ke damunta. Gwiwar da ta taka lakar Horo Birni.

Na kira shi a waya. Ya yi dariya.

"Haba Yaya, waƙa ce hwa, ba wa'azi ba. Mutane labarin wahala suka so."

"To uwarka hwa?"

"Inna ta san ina sonta."

Bayan kaka sai ga shi da mota da masu kyamara biyu. Ya zo ne a ɗauke shi yana durƙusawa gaban Inna yana yafe mata. Shi zai yafe mata! Ita kuwa tun da ta ji ƙarar mota ta sa a kama zakara. Wannan ya fi komai ƙona mini rai.

Na shiga ɗakinta na buɗe adudu. Na san tana ajiye da gammon nan, ta wanke su ta ninke. Na ɗebo, na tare shi a zaure, na zube su gaban takalminsa.

"Yaya, mine ne wanga?"

"Ka san su. Ku masu kyamara ku kunna, ai ɗauka kunka zo yi. Tattare wandonka ka nuna musu ƙwauri, sannan ka nuna musu inda mari ka zama. Tabon ga babur ɗina yay yi maka shi, ran da nid ɗauko ka cikin ƙudaje. Ka tahi ka hwaɗi haka da bakinka, kan kiɗan da ka yi ƙaryar, har matan garin ga su ji. In ka shigo kai kaɗai, ɗanta ne kai, tuwonka na nan. Amma kyamara ba ta wuce zauren ga ina raye. Kuma in ka durƙusa, kai za ka roƙa."