Ba Aljanu Suka Yi Waƙar Nan Ba

Ni na rene shi. Ɗan ƙanena ne, uwarsa ta rasu yana rarrafe. Tun yana ƙarami ko ruwa zai ja a rijiya sai ya tsara wa guga waƙa. Da ya kai sha biyar na kai shi da ƙafata wurin wani tsohon makaɗin noma a Kibiya, irin waɗanda ake ɗauka gayya su zuga manoma. Dangi suka ce na mai da jinin gidanmu maroƙi. Na ce na ji.

Shekara bakwai ya yi a hannun tsohon. Biyun farko bai buɗe baki ba, daga ɗaukar ganga sai shanya fata. Sannan aka ba shi kazagi, ƙaramar gangar da ke bin babba, daga baya aka sa shi cikin 'yan amshi.

A lokacin na shiga ajin manya a Rano, da jikoki biyu na fara riƙe fensir. Na gaji da rubuta sunana, sai na ce ya riƙa rera mini abin da ya tsara ina rubutawa. Waƙa ɗaya ta ci mana damina guda. Ta wani manomi ce a Zinyau da ya nome gonar maƙwabcinsa mara lafiya kafin ya taɓa tasa. A gabana ya kwana uku yana sa kalma ɗaya yana cirewa, har takardar ta huje da gogewa.

Ya kai wa ubangidansa waƙar, da yake haka ake yi, ɗan amshi ba ya rera tasa sai dai ya miƙa. Tsohon ya rera a gayya, wani ya ɗauka a waya, kafin kaka babu teburin mai shayin da ba a jin ta. Na haƙura. Sai ran da masu rediyo suka tambaye shi inda ya samo ta. Ina tsinkar zogale na ji da kunnena, wai aljanu suka ba shi a kan hanyar gona.

Na ɗauki littafina. Yaron ya tare ƙofa ya ce, "Gwaggo, don Allah ki bari. Saura kaɗan ya sallame ni."

Na ture shi na wuce.

Na tarar da tsohon a zaure da mutane. Ko gaisuwa ban ƙarasa ba na buɗe littafin na ce, "Malam, ga aljanin naka, tuwona yake ci."

Aka yi dariya, shi bai yi ba. Ya ce, "Hajiya, waƙar da aka san ubangidana da ita har ya mutu, ni na yi ta. Shekara ashirin ina yi masa amshinta. Ke kin taɓa ji a bakina?"

Na ce, "An cuce ka, shi ne za ka rama a kan maraya?"

Ya ce, "Tafi da ɗanki."

Ban san nauyin maganar ba sai daga baya. Wanda ubangidansa bai sallama da albarka a gaban mutane ba, ba mai bin sa amshi, ba mai kiransa gayya. Yaron ya yi wata biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu. Na san bakina ya jawo, ba na musu. Amma har gobe ban ga abin da ya sa faɗin gaskiya ya fi ƙaryar aljanu laifi ba.

Yanzu kabu-kabu yake yi da babur tsakanin Rano da Kibiya, yana tsara waƙa a hanya, ya dawo ya rera mini in rubuta. Littafi na uku muke ciki. Bara wani manomi a Madachi ya yi ƙarfin hali ya kira shi gayya, shi kaɗai da ganga, ba amshi. Na bi shi na tsaya a bakin gona tare da masu kawo fura. Ya rera sababbi biyu, manoma suka ce su dai ta tsohon nan suke so. Ya dube ni, sannan ya ɗauko ta daga farko, garmuna suka kama tashi tare.

Da aka sha ruwa wani dattijo ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Yaro, ka iya kwaikwayo. Ka dage, wata rana za ka kamo mai ita."

Na buɗe baki. Ya riƙe mini gefen mayafi, ya ce wa dattijon, "Na gode, Baba."