Ƙaton da Ke Barci a Tsaye

A gidanmu na Korgom, lokacin sanyi, da an gama tuwo Inna Tabawa, kakata ta wajen uba, takan ja tabarmarta kusa da murhu ta tura kara biyu cikin wuta. Kiran ke nan. Mu jikoki sai mu kewaye ta, hannuwanmu na ƙanshin miyar kuka. Ni take fara tsokana, don na fi kowa jiki.

"Matso nan, angona, ka tare mini iska, amfanin ƙato ke nan. To, ga ta nan tahe, wa za ya ba ta wuri?"

"Ta zo ta zauna!" mu amsa.

Tatsuniyar da na fi so ita ce ta wani ɗan kokawa da bayansa bai taɓa taɓa ƙasa ba. Makaɗa suka yi ta zuga shi har ya rantse ko barci ba zai kwantar da shi ba. Sai ya koma barci a tsaye, jingine da rumbu. Matarsa ta yi shimfiɗa, ya ƙi. Ɗansa ƙarami ya kama ƙafarsa yana wasa, yana cewa Baba faɗi, ya ƙi. Shekara bakwai a haka. Ran nan a tsakiyar kasuwa gyangyaɗi ya kama shi, wani ɗan akuya ya zo ya sosa ƙahonsa a ƙwaurinsa.

A nan Inna ba ta ƙarasawa da baki. Tsohuwar da liman da kansa yake zuwa gaishe ta, sai ta miƙe, ta yi tangal-tangal, ta zare ido, ta zube tim a tabarma, kallabi ya yi nasa wuri. Mu yi ta dariya har da hawaye. Ita kuwa ta tashi ta kakkaɓe zane.

"Mi kuke ma dariya? Na hwaɗi, na tashi, ga ni."

Na girma na zama ɗan kokawa. Ban taɓa ɗaukar takobin da ake ba zakaran kokawar ƙasa ba, amma daga Tasawa zuwa Mayahi ba a shiga fili da ni da wasa. Da gwiwata ta lalace na bar fili, wani saurayi mai shirya fim, Laminu, ya nemo ni. Ya ce fuskata da faɗin kafaɗata sun isa. Na ce ai wanda ya yi kokawa gaban dubban mutane, kamera ba za ta ba shi tsoro ba.

Ashe ba kamera ce matsalar ba. A labarin, ni ne azzalumin da ya ƙwace rijiyar gari, kuma wani siririn makiyayi zai kayar da ni. Aka je ɗauka a bakin kasuwar Mayahi, jama'a cike, har da tsohon makaɗina Ɗan Barmo. Laminu ya ce "Aksiyon!", yaron ya kama ƙuguna, kafin in yi tunani ƙafata ta sa masa ƙafa, na same shi a ƙasa. Aka sake, na sake. Sau uku. Jama'a na ihu, Ɗan Barmo har ya fara mini kirari.

Laminu ya ja ni gefe. "Baba, wallahi ina girmama ka. Amma rana na tahiya. In ba ka iya hwaɗuwa, gobe sai in nemo wani."

Na ji zafin maganar, kuma na ji tsoro. Fili ya riga ya sallame ni, in nan ma aka sallame ni, ba ni da wata sana'a. Amma in faɗi gaban Ɗan Barmo, a hannun yaron da bai kai nauyin buhun gero ba? Ina tsaye ƙiƙam kamar an dasa ni, sai wani ɗan akuya ya ratsa tsakiyar fili, yara na korarsa. Dariya ta kuɓuce mini. Shekaru da yawa ina zaton Inna gargaɗin girman kai take mana. Ranar na gane ba ƙaton take nuna mana ba, kanta take nunawa: kullum tana faɗuwa don mu ji daɗin labari, kuma ko ƙwayar gero ba ta ragu daga girmanta ba.

Na ce a kunna kamera. Yaron ya kama ni, na yi tangal-tangal, na zare ido, na zube tim. Kasuwa ta ɓarke da ihu. Yau fim ɗina na kaina nake shiryawa, kuma duk ɗan kokawar da ya zo neman aiki, faɗuwa nake fara koya masa.

Ranar dai Ɗan Barmo ya zo ya tsaya a kaina, ganga a rataye.

"Shekara ashirin ina yi maka kiɗi, yau ka kwanta ma ɗan yaro?"

Na tashi na kakkaɓe riga. "Na hwaɗi, na tashi, ga ni."